Wane littafi kan rayuwar masuntan bakin teku ya fi tsaya muku a rai?

Maikaratun_Dare:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni ga masu karatu. Ina neman littattafai kan rayuwar masuntan bakin teku, ƙagaggen labari ne ko na gaskiya duk ɗaya. Amma bari in faɗi abin da nake nufi tun kafin a fara jefo min sunaye, ba labarin 'yan fashin teku nake so ba, ba na sojan ruwa ba, ba kuma na wanda ya zagaya duniya shi kaɗai a jirgi don a buga shi a jarida ba. Mutanen da teku ne gonarsu nake so, waɗanda in ba su fita ba ba a ɗora tukunya a gida. Kuma ni a ganina yawancin littattafan da ake cewa na teku ne ba su damu da waɗannan mutanen ba, jarumi ɗaya suke ɗauka su kai shi tsakiyar ruwa ya yi ta fama, ba ka jin wa ya ba shi bashin jirgin, wa ke jiransa a gida, wa ke sayen kifin in ya dawo. Wanne kuka karanta ya tsaya muku a rai, kuma me ya sa?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ai ba sai an je da nisa ba, The Old Man and the Sea na Hemingway, 1952. A zama ɗaya za ka gama shi.

Yar_Laburare:
Hhh Abu Sumayya ai shi ne ainihin irin wanda Malam ya ce ba ya so. Tsoho ɗaya, kwale-kwale ɗaya, kifi ɗaya.

Abu_Sumayya:
A'a 'yar'uwa, ki sake duba farkon littafin kafin ya shiga ruwa. Kowa kokawa da kifin yake tunawa amma shafukan farko talauci ne zalla. Santiago ya yi kwana 84 bai kama komai ba, yaron nan Manolin da yake koya wa su iyayensa sun cire shi bayan kwana 40 sun mayar da shi wani jirgin da ke samu, don a ganinsu tsohon ya zama mai farar ƙafa. Ƙyallen da iska ke tura jirginsa da shi da buhunan fulawa aka yi masa faci. Abin da ya fi taɓa ni, da yamma yaron zai ce bari ya ɗauki koma ya je ya kamo ƙananan kifin da ake saƙalawa a ƙugiya, tsohon ya ce to, alhali su biyun sun san an daɗe da sayar da komar. Haka zai ce wa yaron akwai abinci a tukunya, kuma babu, yaron ne zai je ya karɓo masa. In wannan ba rayuwar masunci ba ce to mece ce? Kuma shi Hemingway ya zauna a Kyuba shekara da shekaru, jirginsa ma a Cojímar yake ajiye shi, ƙauyen masunta ne kusa da Habana.

Maikaratun_Dare:
Na karanta shi Abu Sumayya, kuma maganar komar nan gaskiya ce, ba wanda zai karanta wurin bai ji wani abu ba. Matsalata ita ce daga ya tura jirgi ruwa ƙauyen ya ɓace kenan, sai shi da kifin da kifayen shak ɗin da suka cinye masa shi. Ni ƙauyen nake so a bar ni a ciki.

Malam_Alli:
To in ƙauye kake so, nemi I Malavoglia na Giovanni Verga, ɗan Italiya, ya fito a 1881. A Turanci an fi saninsa da The House by the Medlar Tree. Labarin gida ɗaya ne na masunta a Aci Trezza, wani ƙauye a gaɓar Sisili. Suna da gidansu, suna da jirginsu mai suna Provvidenza, ba masu kuɗi ba ne amma ba sa roƙon kowa. Sai aka ɗauki babban jikan aikin soja, hannu ya ragu a jirgi, kakan, padron 'Ntoni, ya ga bari ya ɗan taɓa fatauci don a cike giɓi, ya karɓi lodin wani irin wake bashi a hannun mai ba da bashi da ruwa na ƙauyen. Ɗansa Bastianazzo ya fita da kayan, hadari ya taso, jirgi ya kife, ɗan ya mutu, kayan suka tafi. Duk wannan a farko-farko ne fa. Sauran littafin gaba ɗaya biyan bashin nan ne. Suna gyara jirgi, suna fita, suna tara kwabo-kwabo, duk sanda suka kusa sai wani abu ya faɗo, ɗaya jikan ya mutu a yaƙin ruwa na Lissa a 1866, kwalara ta ɗauke uwar yaran, gidan ya fita hannunsu. Kuma abin da Verga ya iya, teku da kyar kake ganinsa, a bakin mutane kake jin komai, tsegumin maƙwabta a ƙofar gida, wa zai auri 'yar gidan da ake bi bashi, wa ya daina gaishe su. Kakan nan kuma ba ya buɗe baki sai da karin magana. Ni ban karanta littafin masunta da ya kai shi ba.

Gwaggo_Mai_Carbi:
Allah sarki. Bashi hanji ne. Malam to sun dawo da gidan daga ƙarshe ko kuwa?

Malam_Alli:
Gwaggo ƙaramin jikan Alessi ya fanso shi, amma kakan bai koma ciki ba, a asibiti ya rasu. Ba zan ƙara ba kar in ɓata wa Maikaratu.

Kwalekwale77:
Ai ka riga ka gama ɓatawa Malam, saura me ya rage hhh

Ummu_Hanan:
Ni nawa Chemmeen ne na Thakazhi Sivasankara Pillai, daga Kerala a kudancin Indiya, da harshen Malayalam ya rubuta shi a 1956, akwai fassarar Turanci. Mutane na ɗaukarsa littafin soyayya saboda Karuthamma, 'yar masunci Bahindu, da Pareekutty, saurayi Musulmi mai sayen kifi a bakin ruwa, kuma fim ɗin da aka yi a 1965 ya ƙara sa aka riƙe shi haka. Amma in ka lura da kyau shi ma maganar jirgi da bashi ce kamar na Malam Alli. Uban yarinyar Chembankunju burinsa a duniya ya mallaki jirgi da taru na kansa ya daina yi wa wasu aiki, ya san yaron na son 'yarsa, sai ya karɓi kuɗinsa a kan in ya fara kamu shi zai riƙa sayar wa. Da jirgi ya samu kuɗi ya shigo sai ya juya masa baya, yaron ya karye. Wlh uban nan ya fi ba ni haushi fiye da duk wani mugu da na karanta, don ba mugu ba ne irin na labari, mutum ne kawai da talauci ya daɗe yana ci sai ya samu dama.

Sadauki_09:
Anti ni littafin nan ban so shi ba gaskiya. Gaba ɗaya an gina shi a kan camfin cewa in matar masunci ta ci amanarsa a tudu to uwar teku za ta cinye shi a ruwa, kuma marubucin maimakon ya nuna camfi ne sai ya sa ƙarshen labarin ya gaskata shi. Miji ya mutu a ruwa, laifin mace. Haba.

Ummu_Hanan:
Ƙanena ba haka na karanta shi ba. Ni abin da na gani shi ne yadda camfin ya kashe ta tun kafin teku ya taɓa kowa. An aurar da ita ga Palani, maraya, ta tafi wani ƙauyen, tana zaune lafiya da mijinta, amma zancen ya riga ya bi ta, har abokan aikinsa suka daina fita da shi a jirgi don suna tsoron matarsa za ta ja musu. Shi ya sa ya koma fita shi kaɗai a ƙaramin kwale-kwale. To wa ya tura shi ruwa shi kaɗai, uwar teku ko bakin mutane? Marubucin ya bar maka ka auna da kanka.

Sadauki_09:
Na ji Anti, amma ya iya barin Palani ya dawo da rai. Zaɓinsa ne.

Yar_Laburare:
Wannan camfin ba a Kerala kaɗai ba ne, kusan duk inda maza ke fita ruwa mata na jira za ka samu wani abu makamancinsa, don jira ba tare da labari ba yana sa mutum ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. In ana maganar jira, Pêcheur d'Islande na Pierre Loti, 1886. Masuntan Paimpol ne a yankin Biritani na Faransa, suna tashi a watan Fabrairu su tafi kamun kifin kod a ruwan Aislan, ba sa dawowa sai wajen ƙarshen Agusta ko bayan haka, rabin shekara gari ba maza sai tsofaffi da yara. Gaud ta yi shekaru tana son Yann yana ja mata rai, da aka yi auren kwana shida suka yi tare jirgi ya tashi. Wajen ƙarshen littafin ba abin da ke faruwa sai jirage na dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowace mace ta tarbi nata, ita tana hawa kan dutse tana duba ruwa. Loti hafsan sojan ruwa ne, ya san teku, amma wurin da ya fi iyawa a littafin a tudu ne.

Gwaggo_Mai_Carbi:
Ku dai duk littattafanku mutuwa ne. Babu wanda masuncin ya fita ya dawo ya ci abincinsa ya kwanta?

Dan_Fari:
Akwai Gwaggo. The Sound of Waves na Yukio Mishima, 1954, wani ɗan tsibiri ne a Japan, Shinji yaro masunci talaka, Hatsue 'yar mai jirage. An yi tsegumi, an hana, daga baya uban ya gwada yaron a jirginsa lokacin guguwa ya ga namiji ne ya ba shi. Ba wanda ya mutu. Ki karanta ki yi barcinki.

Kwalekwale77:
Ni mamaki nake an kai nan ba wanda ya ambaci Moby-Dick. Ko kuna tsoron girmansa ne.

Abu_Sumayya:
Babi 135 ɗan'uwa, kuma rabi bayanin kan wel ne, ƙatuwar dabbar tekun da suke farauta, da kitsenta da igiya. Sannan wel ba kifi ba ne, shayarwa take yi, farauta ce wannan ba su ba.

Kwalekwale77:
Ku faɗa wa Ishmael mai ba da labarin, shi a littafin ya dage kifi ne. Amma da gaske, tunda Maikaratu ya ce yana son ya ji maganar kuɗi, akwai wurin da Ishmael ya je neman aiki a jirgin Pequod a Nantucket, masu jirgin biyu suna gardama a gabansa kan rabon da za a ba shi. Ba albashi ake biya ba, kaso ne daga ribar tafiyar, ɗaya ya ce a ba shi kashi ɗaya cikin 777, ɗayan ya yi kamar yana kare shi aka tsaya a ɗaya cikin 300. Tafiyar da za ta iya kai shekara uku fa. Marubucin, Melville, da kansa ya shiga irin jirgin nan a 1841 kafin ya rubuta littafin a 1851, ya san yadda ake yi wa sabon shiga. Mutane na ta Ahab Ahab, wato kyaftin ɗin jirgin, ni wurin nan na fi tunawa.

Injiniya_Bash:
Tsarin kason nan har yau shi ne a yawancin jiragen su, kuma wanda ya fi bayyana min shi Sebastian Junger ne a The Perfect Storm, 1997. Labarin gaskiya ne, jirgin Andrea Gail daga Gloucester a jihar Massachusetts ta Amurka, mutum shida, ya ɓace a ƙarshen Oktoban 1991 ba a ga kowa ba. Yadda abin yake, in an dawo an sayar da kifi sai a fara cire kuɗin mai da ƙanƙara da abinci da kayan kamu, mai jirgi ya ɗauki nasa, abin da ya rage ne kyaftin da ma'aikata ke rabawa. Ma'ana in tafiya ba ta yi kyau ba za ka iya yin wata guda a ruwa ka dawo kusan hannu rabbana. To ka ga dalilin da zai sa mutum ya ƙara nisa, ya ƙara kwana, ya ji labarin hadari a rediyo ya ce bari dai mu gwada. Irin sun nasu igiya ce doguwa mai tsawon wajen mil 40 da ƙugiyoyi jere a jiki, a shimfiɗa da yamma a janye da safe, ƙugiya ɗaya ta kama hannunka ta tafi da kai ruwa. Wanda ya kalli fim ɗin kawai bai san littafin ba, fim ɗin igiyar ruwa ya nuna, littafin kuma rabinsa garin ne da mashayar da suke zama da matan da suka bari.

Sadauki_09:
Injiniya tambayata, tunda ba wanda ya tsira ta yaya ya san abin da ya faru a jirgin? Ba ƙirƙira ya yi ba?

Injiniya_Bash:
Ya yi ƙoƙarin kaucewa. Inda labari ya yanke sai ya koma ga mutanen da suka shiga irin halin suka fita, masuntan wasu jiragen da guguwar ta kama, masu aikin ceto, har bayanin abin da ke faruwa a jikin mutum in yana nutsewa, ya ce ga abin da mai yiwuwa ya faru. Ba ya sa musu magana a baki. Akwai kuma Linda Greenlaw, kyaftin ɗin jirgin Hannah Boden, wanda mai shi ɗaya ne da Andrea Gail, ita ma ta rubuta nata The Hungry Ocean a 1999. In kana son ka ji daga bakin mai sana'ar to nata ne.

Baffa_Tsoho:
Yaran nan kun kawo magana mai muhimmanci ba ku lura ba. Ku duba jerin da kuka yi, Hemingway ɗan jarida mai jirgin shaƙatawa, Verga ɗan masu gonaki, Loti hafsa, Junger ɗan jarida, Thakazhi lauya. Masuncin da kansa yaushe ya samu lokacin rubutu? Kullum wani ne ke zuwa ya kalle shi ya rubuta. Shi ya sa nake girmama The Islandman na Tomás Ó Criomhthain, 1929, da harshen Ailan ya rubuta. Mutumin tsibirin Great Blasket ne a gaɓar Ailan, masunci ne manomi, sai da ya manyanta ya koyi rubutu da harshensa. Ba ya ƙawata komai. Zai ba ka labarin mutuwar ɗansa a layi kaɗan ya wuce zuwa maganar kamun kifi na shekarar, ba don bai ji ba, haka rayuwar take ba ta tsayawa. Tsibirin ma an kwashe mutanensa a 1953, ba kowa a can yanzu da zama na dindindin.

Yar_Laburare:
Baffa ranka ya daɗe na yarda da rabi. Baƙo ma yana ganin abin da ɗan gida ya saba da shi har ya daina gani. Anna Badkhen ba 'yar Sanagal ba ce, a Tarayyar Sobiyet aka haife ta, amma ta je ta zauna a Joal ta riƙa fita da masunta a kwale-kwalensu ta rubuta Fisherman's Blues a 2018, kuma ta kawo abubuwan da masuncin ba zai ga dalilin rubutawa ba, yadda ake sassaƙa jirgi, yadda ake rabon kamu, yara ƙanana da ke cikin ma'aikata, da yadda kowa ke cewa kifi ya ragu dole a ƙara nisa a ƙona mai. Abin da zan faɗa wa mai son karantawa shi ne rubutunta na da nauyi, tana son ƙawata jimla, wani wurin sai ka koma baya.

Baffa_Tsoho:
To ai kin faɗa da bakinki 'yata. Ita tana ƙawatawa, shi ba ya yi.

Mamman_Sarki:
Ku gafarce ni na shigo a makare. The Fishermen na Chigozie Obioma fa? 2015, har ya shiga jerin ƙarshe na kyautar Booker.

Ummu_Hanan:
Littafi ne mai kyau amma ba na nan ba ne. 'Yan'uwa huɗu ne 'yan makaranta a Akure da suka riƙa satar jiki suna zuwa kamun kifi a kogi, sai wani mahaukaci ya yi musu mugun baki. Ba teku, ba sana'ar su, labarin rushewar gida ne.

Injiniya_Bash:
Maganar raguwar kifi da Yar Laburare ta taɓo, duk wanda yake son ya gane ta daga tushe ya karanta Cod na Mark Kurlansky, shi ma 1997. Tarihin kifi ɗaya ne amma za ka ga yadda gari ke mutuwa. Ruwan Newfoundland a Kanada, lokacin da John Cabot ya je a 1497 labarin da aka kai Turai shi ne da kwando ma ana ɗibar kifin. Aka yi kusan shekara 500 ana kamu da ƙugiya da ƙananan jirage bai ƙare ba. Daga shekarun 1950 manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku suka shigo, masu sarrafa kifin su daskarar da shi a cikin jirgi ba sai sun koma gida ba, a 1968 kaɗai an kwashi sama da tan 800,000. Ƙananan masunta na bakin gaɓa su suka fara cewa kifin na ƙanƙancewa kuma yana raguwa, ba a saurare su ba don lissafin hukuma ya fi dogara da abin da manyan jirage ke kamawa, su kuwa da na'ura suke bin kifin duk inda ya taru. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamun, aka ce na shekara biyu ne, mutum wajen 30,000 suka rasa aiki, sai 2024 aka sake buɗewa kaɗan. Akwai kuma rigimar Aislan da Ingila daga 1958 zuwa 1976, ƙaramar ƙasa tana faɗaɗa iyakar ruwanta zuwa mil 12, sannan 50, sannan 200, jiragen tsaronta na bin na Ingila suna yanke musu igiyar taru. Kuma ita ta ci.

Kwalekwale77:
Injiniya an ce littafin da ya tsaya maka a rai, kai ka kawo mana lacca da alƙaluma.

Injiniya_Bash:
Ni alƙaluman ne suka tsaya min a rai, me zan yi.

Ustaz_Nahawu:
Duk kun tafi Turai da Amurka. Masu karanta Larabci ku nemi Hanna Mina, ɗan Lazikiyya a Siriya, ya rasu a 2018, shi Larabawa ke kira marubucin teku. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya yi aikin jirgi, ya yi aski, kafin ya zama marubuci, don haka Baffa ga naka wanda ya fito daga cikin mutanen. Ash-Shira' wal-Asifa, 1966, labarin Ɗarusi ne, matuƙin da ya rasa jirginsa ya buɗe wurin shan gahawa a bakin ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu Faransa na mulkin ƙasar, yana zaune a tudu zuciyarsa na ruwa. Masunta da 'yan dako da masu jirage duk a wurinsa suke haɗuwa, a nan kake jin wa ke danne wa a tashar. Larabcinsa ba mai wahala ba ne.

Maikaratun_Dare:
Jazakallahu Ustaz, wannan ban taɓa jin sa ba. Kun ga abin da nake faɗa ko, Malavoglia, Chemmeen, na Injiniya, yanzu ga na Ustaz, duk inda littafin ya zauna da mutanen sai ka ga ba igiyar ruwa ce babbar matsalarsu ba, mai jirgi ne da mai bashi da mai sayen kifi. Har The Pearl na Steinbeck na 1947 haka ne, Kino, talaka mai nutso a teku, ya samu lu'ulu'un da yake ganin ya kai peso 50,000, masu saye a garin suka yi masa tayin 1,000, ashe dukkansu yaran mutum ɗaya ne suna yin kamar suna gasa.

Sadauki_09:
Malam kar ka mayar da komai maganar kuɗi mana. Karanta 438 Days na Jonathan Franklin ka gani ko mai bashi ne matsalar. José Salvador Alvarenga, ɗan El Salvador mai kamun kifi a Meziko, ya fita a Nuwamban 2012, guguwa ta kashe masa inji, bai taka ƙasa ba sai ƙarshen Janairun 2014 a tsibiran Marshall, sama da kilomita 10,000. Ɗanyen kifi da tsuntsaye da kunkuru da ruwan sama. Yaron da suka fita tare ya rasu a hanya. Wani lokacin teku ne kawai da kai, iya ruwa fidda kai.

Malam_Alli:
To me ya fitar da shi nisan nan a ƙaramin jirgi mara rufi tun farko? Ba nema ba?

Hajiya_Zee:
Ni abin da ya dame ni da zaren nan tun sama, mata duk jira suke, a kan dutse, a bakin ƙofa, a ɗora musu laifi. Ku nemi The Island of Sea Women na Lisa See, 2019. A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu mata ne ke shiga teku, su nutsa wajen mita 10 ba tukunyar iska, numfashinsu kawai, su ɗebo abin da ke ƙasa su sayar, maza na gida da yara. Suna da ƙungiya da shugaba da matakai, ƙwararru su shiga mai zurfi, tsofaffi da masu koyo a bar musu kusa da gaɓa. UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun da ake karewa a 2016, kuma yawancin masu yi yanzu sun haura 60. Littafin ƙawaye biyu ya bi tun daga mulkin Japan har kashe-kashen da suka fara a tsibirin a 1948, wurin nan kam sai da na ajiye shi na huta. Gwaggo ke kar ki karanta.

Yar_Laburare:
Hajiya ƙara da Mar Morto na Jorge Amado, 1936, masu ƙananan jirage na Bahia a Brazil. Lívia ta fara kamar sauran, tana tsoron ranar da za a zo mata da labarin Guma, ranar kuma ta zo. Amma ba ta zauna zaman makoki har abada ba, ta ɗauki jirginsa ta ci gaba da tuƙawa.

Gwaggo_Mai_Carbi:
Na ji Hajiya, na tsaya a na Dan Fari.

Maikaratun_Dare:
Na samu Malavoglia na fara jiya da dare. Malam Alli sunaye sun yi yawa fa, kowa da sunansa da laƙabinsa, kuma kamar 'Ntoni biyu nake gani.

Malam_Alli:
Biyu ne, kaka da jika, mai padron a gaba shi ne kakan. Kar ka tsaya haddace mutanen ƙauyen, Verga da gangan ya jefa ka cikinsu ba gabatarwa, ka ci gaba kawai zuwa babi na huɗu za ka ga ka fara gane kowa da irin maganarsa.

Abu_Sumayya:
Ni dai har yanzu ba wanda ya amsa min. Kun ce Santiago ba ya ciki don shi kaɗai ne a ruwa, to Palani ma shi kaɗai ya fita, kuma dalili ɗaya ne, mutanen gari sun ce yana da farar ƙafa sun janye jiki. Me ya sa na Anti Ummu Hanan ya shiga nawa bai shiga ba?